Kaka Ya Ɗaure Iska

"Lafiya lau, amarya, ina gajiya? Au, ashe ƙura ce. Wa ya tono ki?"

Jikar ta danne dariya. Ta dire jakarta a bencin shagon kakanta, tsakanin matattun fankokin da yake gyarawa, ta zaro na'urar auna gudun iska: kofuna uku a kan sanda, iska ta buga su juya. Sati uku tana kafa ta a fako da tsakar rana, tana jiran guguwa ta bi ta kanta. Ranar Alhamis malaminta na jami'a yake son sakamako.

"Tsoho, jiya guguwa ta shiga na'urata."

"Barka! Kin gaishe min da mutanen ciki?"

"Ta tafi da ɗankwalina, ta kifar da kujerata. Ka san abin da na'ura ta rubuta? Sifili."

"To, manyan aljanu ne, ba sa gaggawa."

"Shekaranjiya a nan na bar ta na shiga gaida matarka. Faɗi gaskiya."

Kaka ya duƙufa yana neman wani abu a cikin gwangwanin kusoshi.

"Gani na yi kanta yana rawa kamar haƙorin tsohuwa."

"Kamar naka dai."

"Nawa biyu ne, kuma daram suke. Shekara arba'in ban taɓa barin noti ya fita shagon nan yana lilo ba. Na ɗan ɗaure. Har giris na shafa miki, kyauta."

Ta cika baki ta hura kofunan. Ko gezau.

"Fankarka wuta ke juya ta. Wannan kuwa, ko numfashin jariri ya isa ya juya ta!"

"Ji rashin kunya! 'Ya'yan mutane su je jami'a su dawo likitoci, tawa ta dawo tana bin ƙura da littafi. Na sake ki."

"Na gode. Wa zai zauna da mijin da ya ɗaure iska?"

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya ɗauko sifana ya sassauta notin, ya wanke giris ɗin da kananzir, ya hura. Kofunan suka kama gudu.

Ta tsaya tana kallonsu. "Saura kwana biyu," ta ce a hankali. "In wata guguwar ba ta sake biyowa ba fa?"

Kaka ya leƙa rana, ya zaro makullin babur daga jikin ƙusa.

"Kin ci ni yau. Jira ya ƙare. Da mun hango guguwa, mu sha gabanta, ki kafa sandarki, mu kauce."

"Da wannan akwalar?"

"Ta girme ki, yi mata ladabi. Hau."

Ta miƙa hannu tukuna. Ya dube ta, ya dubi aljihunsa, ya yi ajiyar zuciya, ya zaro sifanar da ya soke a ciki ya damƙa mata.