Ranar Da Na Ce Wa Makaho Ya Duba Lamba

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, kuma ko na so in manta, matan kasuwar Yelwa ba za su bar ni ba. To tunda an dage sai an ba da labarin, gara a ba da shi daidai. Ban jefa makaho a tafki ba. Ban mare shi ba. Bai kuma yi mini baki ba, duk da rantsuwar da wata mai bandar kifi ta yi wa Innata. Abin da na yi ya fi waɗannan duka wauta, shi ya sa nake jin haushi idan ana ƙara masa gishiri. Ba ya buƙata.

Ban cika shekara da gama sakandare ba na samu aikin buga tafireta a ofishin da ke kula da mutanen da ruwan dam ɗin Kainji ya tasa daga gungunansu, wato tsibiran da ke tsakiyar Kwara. Ni kaɗai ce mace a ofishin, kuma ina so kowa ya sani. Na sayi takalmi mai tsini, ina tafe ƙwas-ƙwas-ƙwas. Babban aibina shi ne ba na iya jira mutum ya kai ƙarshen maganarsa. (Innata ta ce ko ranar haihuwata ban jira unguwarzoma ta iso ba.)

An gina wa mutanen gungu sababbin garuruwa a kan tudu, daga wajen Shanga har gangaren Wara. Gidajen siminti ne a jere, rufi iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya, taga iri ɗaya. Ni kam sun burge ni matuƙa. Ni na buga takardar lambobinsu da hannuna, sai nake ji kamar ni na gina su.

Shi kuwa Tanko Mai Jita ba sai na gabatar da muryarsa ba, amma zan yi saboda baƙi. Ɗan gungu ne. Idonsa ya tafi yana saurayi, kamar yadda yake tafiya wa mutane da yawa a bakin ruwan nan. Ya koyi jita a wurin leburorin kudu da suka zo aikin dam, ya haɗa ta da kalangu, sai ga shi a gidan rediyo a Kaduna, sai ga faifansa a kan kowane garmaho. A makaranta mun sha horo saboda rawar waƙarsa a ɗakin kwana. Na haddace baitocinsa fiye da yadda na haddace lissafi. Ban dai taɓa ganinsa ba.

Ran nan da hantsi ya shigo ofis shi kaɗai, da baƙin tabarau, da jita a rataye a baya, da sanda. Ya yi sallama, ya nemi babban jami'inmu, wani dattijo mai son dariya da muke ce wa Yallaɓai. Aka ba shi kujera a gaban teburin Yallaɓai, ni ina gefe da tafiretata.

“Ranka ya daɗe, ba waƙa na zo yi ba,” in ji shi. “Maganar Innata ce, da ire-irenta. Ita ma ba ta gani. A gungu ita kaɗai take zuwa bakin ruwa. Ta san tushen tsamiya, ta san inda yashi ke komawa laka, ta san gidan wance da warin daddawa. Tun da anka kawo su sabon gari, wata uku ke nan, ba ta taka ƙofar gida ba. Duk bangon da ta taɓa, shi ne na jiya.”

Abin da yake roƙo ba shi da yawa: a yarda a kafa turaku a gefen layuka, a ja igiya daga rijiya zuwa ƙofofin makafi, kowa kuma ya maƙala wata alama da hannu zai gane. Mai garin ya ce ba zai taɓa tsarin gwamnati ba sai da takarda daga ofishinmu. Ofishin kuwa ƙarshen mako za a rufe shi, Yallaɓai ya koma Kaduna. In ba a samu takardar a wannan makon ba, babu sauran wanda za a tambaya.

Yallaɓai yana shafa gemu, yana cewa ai layukan na mota ne, ai tsari tsari ne. Tanko ya fara bayani a natse. Ni kuwa na ƙagu, don a ganina matsalar ba ta kai ta yi minti biyu ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Ai kowane gida da lambarsa a bango, da jan fenti. Kowa ya duba lambarsa mana!”

Masinja da ke shigowa da shayi ya tsaya a bakin ƙofa.

Tanko ya juyo da fuskarsa daidai inda nake. “Mi kinka ce, Malama?”

Mai hankali a nan zai ce, a gafarce ni. Ni sai na maimaita. Da ƙarfi. (E, na ɗaga murya, kamar kunnensa ne ba ya aiki.)

Bai yi fushi ba. Murmushi ya yi, wanda ya fi fushi ciwo. “To madalla. Gidan Inna lamba arba'in da ɗaya ne, haka anka gaya min. Ke da ke da ido da takardar sakandare, ki kai mu.”

Yallaɓai ya tuntsire da dariya, ya ce dama yana da niyyar leƙa garin kafin ya tafi. Ya ce a fito da mota. Ni har da cewa, “Minti biyar ya ishe ni.”

Mun isa garin, can kusa da Wara, rana ta take. Da muka sauka na kai hannu zan kama bakin sandarsa in ja shi. Ya janye ta a hankali.

“Ki bar min idona, Malama. Ki dai yi gaba. Takalminki ya ishe ni jagora.”

Na yi gaba da takardata, ƙwas-ƙwas, Tanko a baya, Yallaɓai a bayansa da hannuwa a goye. A layin farko na gane akwai matsala. Mutane ba su zauna yadda na buga su a takarda ba. Kowa ya kewaye gidansa da zana saboda matansa. Inda babu zana an shanya raga, ko an jingina karan gero, ko an yaɓe bangon da laka don rage zafi. Jan fentin da nake taƙama da shi, ko ɗigo ban gani ba.

Na yi lissafi a zuci: layi na uku, gida na biyar. Na yi sallama muka shiga. Wani tsoho muka tarar a gindin bango yana ɗinkin raga.

“Baba, nan ne arba'in da ɗaya?”

“Arba'in da mi?”

“Lambar gida.”

“Ɗiyata, ni sunana na sani.”

Muka fito. Na ce wa Yallaɓai daga wancan gefen ya kamata a fara ƙirga. Muka zagaya. Gida na gaba awaki ne a ciki, babu mutum ko ɗaya. Na sake zagayawa. Gumi ya jiƙa mini riga, tsinin takalmina na dama ya fara lilo. Mata sun fara leƙowa ta saman zana. Tanko kuwa can ƙasa-ƙasa yana ɗan kaɗa wayar jita ɗaya da babban yatsa, daidai da takuna. Ƙwas, tin. Ƙwas, tin.

Na shiga wani gida. Tsohon nan ne mai raga. Na ce afuwa, na fito da sauri.

Wallahi a wannan lokacin da na tsaya na ce ban sani ba, da an rufa mini asiri. Amma ina! Na ɗaga takarda sama, na juya ta, na nuna gabas, na nuna tafki, na yi wani dogon bayani da Turanci don Yallaɓai ya san ba a banza na yi makaranta ba. Muka bi ta bayan rijiya, muka karya kwana biyu. Na hango wata ƙofa da ban taɓa gani ba. Na ɗaga zana da ƙarfina, na ce da babbar murya, “Alhamdu lillahi, mun iso!”

Tsohon ya ajiye ragarsa. Ya dube ni, ya dubi Yallaɓai da kakinsa, ya sake dubana.

“Ɗiyata, in gidan kuke so, ku hwaɗi kawai mu tashi. Mun saba.”

Matan da suka biyo mu suka fashe. Wata har da zama a ƙasa. Tsinin takalmina ya zaɓi wannan lokacin ya karye gaba ɗaya, na tsaya a karkace, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, takarda a hannu. Na so ƙasa ta tsage. Abin da na lura da shi kawai, Yallaɓai bai yi dariya ba wannan karon.

Na juya ga Tanko. “To Malam Tanko, kai ka nuna mana.”

“Ni?” in ji shi. “Ai ni ma ban sani ba, Malama. Da na sani mi zai kai ni ofishinku?”

Ya laluba bakin rijiya ya zauna, ya juyo da jitarsa gaba, ya fara kaɗa wata tsohuwar waƙar masu jirgin ruwa da yarensu na gungu. Ban ji ma'anarta ba. Bai kai baiti na biyu ba aka fara amsawa. Daga hagu, daga dama, daga can ƙarshen layi. Na ɗaga kai. A bakin ƙofofi mutane ne tsaye, maza da mata, galibi tsofaffi, wasu ba su tsufa ba. Kowannensu hannu ɗaya yana dafe da bangon gidansa. Suna waƙa, suna miƙo wuya, amma babu wanda ya saki bangon. Duk zagayen da na yi ban ga ko ɗayansu ba. Suna ciki.

Sai wata murya ta tsaga sauran: “Tanko! Tanko, nan! Ga ni nan!”

Gidan yana bayanmu, taku goma bai kai ba.

Innarsa 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai ƙarfin hannu. Da ta gama shafa kan ɗanta, ta kama hannuna ta matsa.

“Ke ce mai ƙwas-ƙwas? Sau uku kinka wuce ta nan.”

“Inna, me ya hana ki kira mu?”

“Na ɗauka maraƙi ne ya ɓace.”

Muka koma mota, muka ci rabin hanya. Sannan Yallaɓai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Gobe da safe ki buga takarda. Turaku da alamar ƙofa, an yarda. Igiya kuwa ofis ba shi da ita, su nema.” Na buga ta.

Na so a ce a nan abin ya ƙare. Makon jiya ina kasuwa wurin masu tattasai, rediyon wani tela ya saki sabuwar waƙar Tanko, a kan makafin sababbin garuruwa. A tsakiyarta akwai baiti ɗaya: wata malama mai ido biyu ta shiga gida ɗaya sau bakwai. Bai ambaci sunana ba. Bai ambaci ofis ba. Ko garin bai faɗa ba. Mutumin kirki, ya rufa mini asiri tsaf. Ni ce da bakina na juya na ce wa rediyon, kasuwa tana ji, “Ƙarya ne! Sau uku ne!”

Daga nan labarin ya samo asali, in kuna son sani.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. Idan mutum ya zo da matsalar da ta hana shi fita wata uku, ni kuma na warware ta kafin ya rufe baki, to ba warwarewa na yi ba, ban ji ba ne. Ban ce na daina katse mutane ba. Yanzu dai nakan ƙirga zuwa biyar, wani lokacin har in kai uku.

An kafa turakun, na samu labari, amma har yau tsirara suke. Kawuna masunci ne, kuma bayan ɗakinsa akwai tsofaffin igiyoyin taru na kamun kifi jibge, ɓeraye ne kawai ke amfana da su. Jiya na je na zauna masa a zaure, na ce ba zan tashi ba sai ya ba ni. Ya ba ni don ya huta da bakina. Ranar Asabar zan sa su a motar Wara in kai da kaina, da silifas. Na kuma yanke shawara tun yanzu: ni zan ɗauki igiyar, amma Innar Tanko ce za ta faɗi inda za a ɗaura.