Guɗar da Na Yi a Ɗakin Likita

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na rangaɗa guɗa a gaban likita ba.

Yayata Falmata ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Sai bara na lura cikinta ya fara tasowa. Ta rage gishiri, ga shan ruwa kamar mai buɗa-baki. Duk sa'ad da na leƙa gidanta a Fagge na yi mata tsiya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ke dai bari." Na ce a raina kunyar cikin fari ce (ni da nake taƙama da saurin gane abu). Ban yi shawara da kowa ba na shiga Kasuwar Sabon Gari na sayo shawul da 'yan safa na ɓoye.

Da na ji za ta karɓo sakamakon hoto a wani asibiti, na nace sai na raka ta. Likita ya juyo mana da fuskar kwamfuta, yana bayanin cewa da can da hannu suke zana iyakar abin, yanki-yanki, amma yanzu an koya wa na'ura ta gane shi ta auna girmansa da kanta. Ƙirƙirarriyar basira, in ji shi. Ni duk ban saurara ba. Abin da na gani kawai abu biyu ne a kwance, ɗaya an shafa masa kore, ɗaya ja.

"Duka biyun sun ƙara girma," in ji likita.

Nan fa na miƙe, na kama hanci, na saki guɗa har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Na ce, "Yaya, tagwaye ne."

Likita ya cire tabarau ya ce a hankali, "Hajiya, ƙoda ce."

Ya nuna mini ƙananan ƙulli-ƙulli masu ruwa da suka cika su, su ne suke kumbura ƙodar har ciki ya fito. Awon da na'urar ta yi, idan aka gwada da na baya, shi ke nuna saurin ciwon, kuma nata yana sauri. Ciwon da ya ɗauke Babanmu ne. Yaya ta sani tuntuni, ta ɓoye don kada Inna ta ji.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ta yi fushi ba. A cikin adaidaita, wajen shataletalen Bata, ta share hawaye ta ce, "Kin san wani abu? Da kika yi guɗar nan, sai da na ɗan ji daɗi. Ba a taɓa yi mini ba."

Na yi kuka har gida. Shawul ɗin yana nan a ƙasan akwatina, na kasa bayarwa.

Likita ya ce ciwon yana bin jini, don haka ni ma an sa mini ranar hoto. Yaya ta ce ita za ta raka ni, da sharaɗin in bar hancina ya huta. Yanzu dai na koyi cewa idan mace ta sunkuyar da kai ta ce a bari, sai in zauna kusa da ita in yi shiru, don ba kowane shiru ba ne kunya.