Kwaɗo Biyu a Ƙofar Ajin Japananci

Jama'a, ranar Talatar nan na yi gudun da rabona da irinsa tun ina saurayi, kuma ba kare ne ya biyo ni ba. Manyanmu ne suka sa ni, Allah ya ƙara musu girma, ya ƙara wa motocinsu sanyi.

Ni Abdulghani, mai tsaron sito a tashar jiragen ruwa, ina da 'ya, Zakiya. Ta karanta aikin jinya, shekara uku tana yawo da takardu, duk inda ta je sai a dubi iƙamarta, wato takardar izinin zama, a ce a dawo bayan Hajji. Ana nan sai ƙungiyar ci gaban 'yan unguwarmu a nan Waziriyya ta Jidda ta yi shela: za a buɗe ajin koyon Japananci. Wai Japan tsofaffi sun yi yawa, haihuwa ta ja baya, suna neman masu kula da su ruwa a jallo.

An buɗe aji kuwa. An yanka raguna, an ci shinkafa, an kafa allo mai fitilu. Malami ne kawai aka manta. Wata takwas ke nan yana "kan hanya". Ni dai na san hanyar Japan da nisa, amma ko a kan raƙumi ya taho ai da ya iso.

Zakiya ba ta jira ba. A waya ta koya. Firjinmu ya cika da 'yan takardu masu rubutu kamar kaza ta bi ta kan yashi, kuma wai irin rubutun har kala uku ne. Ita ke ba ni labarinsu: tsoho ya mutu shi kaɗai a ɗaki, sai an yi makonni kafin a sani, saurayi ya yi ta aiki har ya faɗi a ofis, ƙauye guda babu kukan jariri. Maƙwabcina Maman Lawali, Banijare mai baƙala, wato ɗan kantin kayan masarufi, daura da ajin, ya ce, "Bon, Abu Zakiya, mutanen da suka ƙera motar da ba ta mutuwa, su rasa mai ba kakarsu ruwa? Ka aika musu da surukata, kwana uku ta aurar da rabin ƙasar."

To, sai ga labari: wata Malama Shimada daga wani gidan kula da tsofaffi za ta biyo ta Jidda, ta gana da ɗalibai daga tara zuwa goma na safe, sannan ta wuce filin jirgi. Awa ɗaya tak. Wadda ta gamsar da ita za a ba ta gurbin horo. Wadda ta rasa, sai baɗi, in ma an dawo. Ɗalibai arba'in aka rubuta ranar cin rago. Zakiya kaɗai ta rage.

Tara saura kwata muka iso. Baƙuwar ta riga mu. 'Yar dattijuwa ce siririya, tsaye a rana, riƙe da jaka da wani ɗan akwati naɗe a kyalle. Ta rusuna, Zakiya ta rusuna, ni ma na rusuna har bayana ya yi ƙara. Ƙofar aji kuwa a garƙame, kwaɗo biyu reras.

Ga dalili. Muna da manya biyu. Akwai Mai Girma Uban Ƙungiya, Garkuwan Masu Jira. Akwai kuma Mai Girma Shugaban Riƙo, wanda ya riƙe shekara goma sha ɗaya bai gaji ba, Allah ya saka wa hannunsa. Saboda tsabar yarda da juna, kowa ya sa nasa kwaɗon ya riƙe makullinsa. Kuma kun san al'adarmu: a taro, babba shi ke shigowa ƙarshe, kowa ya miƙe masa. Wanda ya riga zuwa ya amsa shi ne ƙarami.

Tara da minti goma, shiru. Maman Lawali ya leƙo daga baƙalarsa ya yafito ni. "Suna nan fa tun takwas da rabi. Uban Ƙungiya na bayan gidan mai, Shugaba na bayan masallaci. Kowa ya kunna sanyi a motarsa yana jiran ɗan'uwansa ya fara fitowa."

Na zura da gudu bayan gidan mai. Gilashi ya sauka kamar faɗin yatsa uku.

"Ranka ya daɗe, baƙuwa na tsaye a rana."

"Shi wancan ya iso?"

"Bai iso ba, ranka ya daɗe."

"To, halas, magana ta ƙare. Ni ma ban iso ba."

Gilashi ya koma. Na juya sai bayan masallaci. Shugaban Riƙo na kurɓar shayi.

"Allah ya ja zamanin Shugaba, goma za ta tafi."

"Ya sheikh, ina ruwan girma da agogo? Ka ce masa ya buɗe nasa, ni ina tafe."

Sau uku ina wannan safa da marwa, ba lada. Jallabiyata ta jiƙe sharkaf. Mutanen da aka ce jirgin ƙasansu in ya makara minti guda sai an fito an ba jama'a haƙuri, ga wakiliyarsu a ƙofarmu tana kallon kwaɗo. Na ce Zakiya ta roƙe ta su yi ganawar a inuwar baƙala. Baƙuwar ta rusuna ta ce tana ba da haƙuri ƙwarai, amma ƙa'ida ta ce a cikin aji, ta ga wurin karatu da idonta. Su ma da nasu kwaɗon, sai dai nasu a takarda yake.

Tara da rabi ta gota. Na dubi Zakiya, na ga wata takwas na karatu yana narkewa a rana. Ita kuwa ba ni take kallo ba, ɗan akwatin nan take kallo. Ta yi wa baƙuwar wata tambaya da yarensu, ta amsa. Sai ta juyo.

"Baba, al'adarsu ce ba sa zuwa hannu rabbana. Wannan tsaraba ce, guda ɗaya, ta babban ƙungiya. Da hannu biyu za ta miƙa, a ɗauki hoto ta kai wa shugabanninta. Je ka gaya wa kowannensu haka. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"In suka ce wane ne babban?"

"Ka ce ita baƙuwa ce, ba ta sani ba. Wanda ta gani za ta ba. Yalla, maza, Baba!"

Jama'a, ban gama faɗa wa Uban Ƙungiya ba motar ta tashi, saura kaɗan ta bi ta kan ƙafata. Shugaban Riƙo kuwa ko direba bai jira ba, da ƙafa ya taho, yana tattare riga, shayi a hannu. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis, kowa da makulli a miƙe. Ashe gwiwar Shugaba da ake ta yi wa addu'a kowace Juma'a lafiyarta ƙalau. Girman kai rawanin tsiya, in ji Hausawa, amma ranar na ga an tuɓe shi an saƙale a hammata saboda hoto.

Goma saura minti goma sha biyu aka shiga. Kujeru na cikin ledarsu. Aka yi hoto, hannu huɗu a kan akwati ɗaya. Malama Shimada ta zauna da Zakiya, suka yi ta yare, ni ina bakin taga ina salati. Goma daidai ta miƙe, ta rusuna, ta miƙa wa Zakiya takarda da hannu biyu.

A hanya na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce Japanancina da saura, za su gyara shi can. Amma a gidansu akwai tsofaffi biyu, tsofaffin manyan kamfani, da ba mai yarda ya riga wani shiga ɗakin cin abinci. Shekara biyu ma'aikata na fama. Ta ce in zo."

Mun baro manyanmu suna jawabi a gaban kujeru. Uban Ƙungiya ya yi magana a kan muhimmancin kiyaye lokaci, Shugaban Riƙo ya kafa kwamitin da zai duba yadda za a raba alewar wake goma sha biyu da ke cikin akwatin. Ba na musu, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Yanzu dai Japan za ta ɗauke mana mutum ɗaya tilo da ta iya da tsofaffinmu. Na ce wa Zakiya in ta sauka ta bincika min a hankali ko gidan nasu na da gado biyu da ba kowa. Ina da waɗanda zan tura, kuma Waziriyya kaf za ta yi rakiya. A dai nemo jirgi mai ƙofa biyu.