Goggoro a Kan Sanƙo

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a bayan tashar manyan motoci ta garinmu ya san Yalwa. Wanda kuma ya daɗe a tashar ya san cewa kafin a yi Yalwa, Sallau aka yi. Shekara talatin da ɗaya Sallau yana jan tirela, ya kai albasa kudu, ya ɗauko siminti ya dawo arewa. Da ya cika hamsin da bakwai sai ya miƙa wa mai mota makullinsa, ya aske gemu ƙwal, ya shiga kasuwa ya yanko atamfa turmi biyu. Ya ce abin da ke ransa ke nan tun yana ƙarami, ya gaji da ɓoyo, sauran kwanakin da suka rage a matsayin mace za a ƙarasa su. Kai, an sha surutu! Aka yi zagi, aka yi tofin Allah tsine, wasu suka daina amsa gaisuwa. Daga baya dai miyar kukarta ta fi ƙarfin gulma, direbobi suka dawo layi da kwanukansu. Wanda bakinsa ya saba ya ce Sallau, wanda yake son ƙarin nama ya ce Yalwa.

Ita zagin bai taɓa hana ta barci ba. Wanda ya shekara talatin yana faɗa da 'yan kamasho, wace baƙar magana ce za ta zame masa sabuwa? Abin da ya sha mata kai, kayan matan ne su kansu.

"Wallahi ba wanda ya gaya mini," haka take cewa ƙawarta Ladidi mai kitso. "Da na san haka kuke fama, da tun ina kan hanya na riƙa tsayawa ina ba ku haƙuri ɗaya bayan ɗaya."

Na farko dai aljihu. Mutumin da ya saba zuba makulli da goro da waya da carbi da asuwaki a jikin riga guda, yau an ba shi riga sumul, ko inda za a soke tsinken sakace babu. Ta je wurin tela ta ce a sa mata aljihu huɗu. Tela ya ce zai ɓata tsayuwar rigar. Ta ce ita ba tsayuwar riga ta dame ta ba, inda za ta sa makullin shagon tuwonta take nema. Ya ce ta sayi jaka. Ta sayi jaka, kuma a sati guda ta manta ta a wuri biyar.

Sai takalmi. Ƙafar da ta shekara talatin tana taka kulocin mota, lamba arba'in da biyar take ci, na mata kuwa a arba'in da biyu ya tsaya cak. Kullum dunduniyarta a waje take, tana sharar ƙasa. Ga zane. Da, taku ɗaya take tsallake kwata, yanzu sai ta tsaya a baki ta yi shawara da kanta. Ga gemu mara kunya, a aske shi da asuba, kafin la'asar ya leƙo ta cikin hoda yana gaida jama'a. Kwalli kuwa sau uku tana tsokane ido, har Ladidi ta ƙwace abin ta ce a bar mata wannan aikin.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar kai. Yalwa sanƙo gare ta, ba na wasa ba, tun daga goshi har ƙeya sumul kamar bayan ƙwarya. Sauran mata ɗankwalinsu kitso yake kamawa ya zauna. Nata ba abin da zai kama. In ta ɗaura da safe, tana sunkuyawa tuƙin tuwo sai ya sulale ya rufe mata ido, in ta ɗago ya koma ƙeya. A shago dai ba komai, ta ja abinta ta gyara, direbobi su yi dariya, ta zage su, a wuce wurin.

Ana nan sai ga saƙo daga Yaya Tasalla.

Yaya Tasalla ita ce babbar yayarta, ita ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tun ranar da aka yanko atamfar nan ba ta ƙara yi mata magana ba, shekara biyu cur, ko a hanya suka haɗu sai ta kau da kai. A duk garin nan wannan ne kaɗai abin da ke sa Yalwa hawaye. To ga shi 'yar Tasalla ta haihu, haihuwar fari, ana wankan jego a gida, suna ranar Asabar. Ladidi aka aiko, ta shigo da ƙunshi a leda ta dire a kan benci. Yalwa ta buɗe, sai ga ankon mata, atamfa da goggoro ruwan zuma, mai tauri, yana ƙara in an taɓa.

"Ta ce ki zo," in ji Ladidi. "Amma ta ce in faɗa miki yadda ta faɗa, kada in rage. Ta ce tunda zama mace aka zaɓa, to a zo mata kamar mace sosai. Dangin miji za su cika gidan. In wani abu ya zame ko ya faɗi a gaban surukanta, ta ce ke da ƙofar gidanta har abada."

Yalwa ta rungume ledar ta yi kuka sosai, na murna. Da ta share ido ta sake duba goggoron, ta shafa kanta, sai murnar ta koma tsoro.

Kwana huɗu suna fama. Ladidi ta ɗaura mata, ya yi kyau kamar a hoto. Yalwa ta durƙusa gwajin gaisuwa, goggoro ya riga ta isa ƙasa. Aka sayo gashin kanti a sa a ƙarƙashi, ko minti goma bai yi ba ta fizge shi ta yar, ta ce ƙaiƙayi zai haukata ta. Aka yanka tsohuwar safa aka kifa mata, safa da goggoro suka sulale tare. Ladidi ta gaji, ta ɗauko fil guda shida a bakinta ta ce bari a soke.

"A soke a ina?" in ji Yalwa. "Ke, nama ne fa a wurin!"

"To ni na rasa yadda zan yi da wannan kai naki. Kai ne ko tulu?"

"Bar shi," in ji Yalwa. "Ni na san maganinsa. Buhu ɗari shida nake ɗaurewa in hau dutse in gangara, ko ɗaya bai taɓa faɗowa ba. Ƙyalle ne zai gagare ni?"

Ta tafi wurin mai faci ta karɓo tsohon tiyub, ta yanko roba mai faɗin yatsa biyu, irin wadda ake ɗaure kaya a bayan babur. Ranar Asabar da hantsi ta zauna gaban madubi ita kaɗai. Ta ɗora goggoro, ta zagaya robar sau biyu a kan gindinsa, ta ja iya ƙarfinta, ta yi mata ƙullin 'yan lodi a ƙeya, sannan ta naɗe sauran ƙyallen a kai ya rufe. Ta girgiza kai, shiru. Ta yi ruku'u, shiru. Ta yi tsalle sau uku har kwanuka suka amsa, goggoro ko gezau. Illa dai robar ta ja fatar goshin sama, girarta ta ɗage, ta zama kamar wadda aka gaya wa labarin mamaki ba ta gama ji ba.

Haka ta isa gidan suna. Tsakar gida cike da mata, ga tabarmi, ga manyan tukwane, ga igiyar shanya an jera kayan jaririya. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida yayarta. Tasalla ta amsa da "lafiya" guda ɗaya, ba suna, ba kallon fuska. Idonta a kan goggoron yake.

Yalwa ba ta zauna ba, ta kama aiki. Ta raba waina, ta juye miya, ta sunkuya ta ɗago ya fi sau hamsin. Ƙofar ɗakin mai jego gajera ce, ta buga kai a jiki, goggoro bai motsa ba. Wani ɗan goye ya miƙo hannu daga bayan uwarsa ya damƙi gefe ya ja, shi ya gaji ya saki. Amma fa kan Yalwa sara yake kamar ana daka a ciki, kunnuwanta sun yi zafi, har wani duhu-duhu take gani. Wata tsohuwa ma ta tambaye ta wa ya gyara mata gira haka. Yalwa ta ce Allah ne. Duk sanda ta saci kallon Tasalla sai ta ga fuskar ta ɗan ƙara saki, sai ta ji ciwon ya yi sauƙi.

Bayan azahar dangin miji suka iso da guɗa. A gabansu Hajiya Barira, uwar mijin mai jego, mace mai jiki da murya, wadda in ta shigo wuri sai kowa ya san ta shigo. Ta san Sallau sarai, shekaru yana yi wa mijinta dakon kaya. Anko ɗaya ne a jikin kowa, amma goggoronta daban yake. Hawa uku, kowace ninki ta kwanta a kan 'yar uwarta daidai wa daida, gefe ya buɗe kamar mafici. Yalwa ta tsaya da faranti a hannu tana kallo, kishi da sha'awa suka kama ta lokaci guda. Kwana huɗu tana shan wuya, ga wadda ta iya nan.

Da ta kawo mata ruwa sai ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya, da zuciya ɗaya ta ce, "Hajiya, don Allah wannan ɗauri naki, yaya ake fara shi? Ko a gefe ne ki nuna mini."

Hajiya Barira ta dube ta daga sama har ƙasa. Maimakon ta amsa a hankali yadda aka tambaye ta, sai ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya yadda har na bakin murhu za su ji.

"Jama'a ku ji mini Sallau! Wai in koya masa ɗauri. Kai, wannan ba a koyonsa da furfura. Da shi aka haife mu. Ni nan tun ina 'yar shekara tara nake ɗaura abina, ko madubi ba na dubawa, hannuna ya san hanya. Ka ji shawara, ka je ka nemo hularka inda ka jefar ka mayar, ka bar wa masu abu abinsu."

Mai zuba miya ta tsaya da ludayi a sama. Yalwa na durƙushe, kunya ta rufe ta, ranta ya ɓaci ƙwarai. Amsa kam tana da ita, bakin tasha ne da ita, da a shago ne da Hajiya ba ta kai ƙofa ba. Amma ta dubi Tasalla, ta ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, sai ta haɗiye maganarta. Ba za ta zama ita ce ta ɓata taron nan ba.

Hajiya kuwa maganarta ta yi mata daɗi. Ta tafa hannu, ta ƙyalƙyale da dariya, ta wurga kai baya. Igiyar shanya na daidai bayanta. Igiya ta saƙalo hawa na uku, ta ɗage goggoro cak, ta sake shi.

Abin mamaki, bai warware ba. Yadda yake a kanta haka ya sauka, ya gangara a kan siminti da hawa ukunsa, ya kewaye tukunyar zobo, ya zo gaban Yalwa ya kwanta, cikinsa na kallon sama. Kowa ya leƙa. Ɗinkin keke ne reras, an yi masa shafi da baƙin ƙyalle, ga roba a ƙeya, har da alamar allin tela ba ta goge ba. Ashe ɗinkakke ne, kifawa kawai ake yi a fita. Hajiya ta dafe tsohon kitsonta da hannu biyu, dariyar ta maƙale.

Tasalla ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar ta saita murya, ta dubi ƙanwarta ido cikin ido, karo na farko a shekara biyu.

"Yalwa," ta ce, "miƙa wa Hajiya abinta mana."

Yalwa ta ji sunan har cikin ƙashinta. Ta sa hannu ta ɗauki goggoron, ta zura dunƙulen hannu a ciki ta juya shi, ta hure ƙurar, ta ɗan karkaɗe gefen da yatsa biyu. Sannan ta matsa a durƙushe, ta miƙa da hannu bibbiyu cikin ladabi.

"Ga hularka, Alhaji. A gaida mutan gida."