Manyan Baƙin Tasi'u Daga Ƙasar Waje

Wani mutum ne a Azare, sunansa Tasi'u. Amma in ka kira shi Tasi'u zalla, ko waiwayowa ba zai yi ba. Sai ka ce "Farfesan Intanet" sannan za ka ga haƙora a waje. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ba rago ba goro. Sana'arsa ta gaskiya sayar da zare da maɓalli da zif a layin teloli. Amma tambaye shi aikinsa ka sha labari. Sai ya gyara zaman tabarau, tabaran da ba ma na magani ba ne, ya ce, "Ni marubuci ne. Ina da shafi a intanet. Duniya ce ke karanta ni."

Shafin kam akwai shi, ba ƙarya. Sunansa "Duniya A Tafin Tasi'u". Sai dai shigarsa aiki ne ja. Ka danna, ka je ka yi alwala, ka yi salla, ka yi lazimi, ka dawo, abu na nan yana ta juyi. Dalili kuwa wani hotonsa ne da ya kafa a sama, cikin kwat ɗin aro, girmansa ya kai ƙofar gareji. In Allah ya taimake ka ya buɗe, fal! tallar maganin basir ta rufe maka ido. Ka kore ta, fal! ta maganin ƙiba ta faɗo. Kafin ka kai ga rubutu, datarka ta yi maka sallama.

Rubutun kuma ba a magana. Yau kiwon kaji, gobe siyasar Amurka, jibi fassarar mafarki, daga nan sai ya yi wata uku ɗif kamar an ɗauke wuta. Ga kanun labari masu tsinka hanji: "INNALILLAHI! ABIN DA YA FARU A KASUWA YAU ZAI GIRGIZA KA!" Ka shiga gabanka na dukan uku-uku, ashe tumatir ne ya yi araha. Babu sakin layi, babu aya, rubutu cunkus kamar an zazzage gero a tabarma.

To amma a ƙarƙashin kowane rubutu akwai mutum uku da ba sa fashin yin tsokaci. Akwai Dokta Mansura daga Landan. Akwai Injiniya Jibo daga Dubai. Akwai Alhaji Sidi daga Kanada. Kullum yabo suke zubawa: "Farfesa, ka gama magana!" "Wallahi ba na iya karya kumallo sai na karanta ka."

Ku matso in gaya muku a kunne. Su ukun nan duk Tasi'u ne. Da ya buɗe shafin, wata biyu ya yi yana leƙawa, ko tari babu wanda ya yi masa. Abin ya ci masa rai. Rannan yana zaune a shago ba ciniki, sai ya buɗe adireshin imel uku a wayarsa, ya haifi masoyansa da kansa. Tun yana yi da kunya har ya saba. Wani lokaci ma in ya karanta yabon Dokta Mansura sai ya ji ƙwalla ta taru masa.

Ana nan, sai ƙungiyar telolin layin ta shirya bikin yaye ɗalibai goma sha biyu, karo na farko a tarihinta. Shugabansu Baba Haladu, dattijo mai sanyin magana, ya tara mutane a gaban shagonsa. Ya ce a kai sanarwa gidan rediyo, a kuma sa mai shela ya zaga gari da lasifika.

Tasi'u ya yi zumbur ya miƙe. "Rediyo? Haba Baba! Wane zamani muke ciki? Ga ni a layinku, ku tafi neman mai shela? Ai wannan cin fuska ne."

"To ɗana, mutum nawa ke karanta naka?"

"Ranar da ba kasuwa, dubu hamsin."

Wuri ya ɗauki "Kai!" da "Tabarkalla!"

Sai Saude ta yi gyaran murya. Ita ce sakatariyar ƙungiya, tela ce mai ɗinkin mata, kuma ta waya take samun yawancin masu kawo mata ɗinki. Ta ce, "Yaya Tasi'u, ni fa na taɓa gwada shiga shafin nan naka. Hotonka ya fara buɗewa daga sama, datata ta ƙare a daidai goshinka."

Aka yi dariya. Tasi'u ya murtuke. "Ƙanwata, wayarki ce ƙarama. Shafina ba na ƙananan wayoyi ba ne." Ya zaro tasa, ya matsa kusa da Baba Haladu, ya shiga karanto masa tsokacin masoya ɗaya bayan ɗaya, har da canza murya.

Baba Haladu ya riƙe haɓa. "Likita guda, daga Landan, ba ta karyawa sai ta karanta ka?"

"Ga shi a rubuce, Baba."

"To ai magana ta ƙare. Sanarwa taka ce. Kuma waɗannan bayin Allah uku, ka gayyato mana su. Su ne manyan baƙinmu."

Tasi'u ya yi saurin mayar da waya aljihu.

"Baba, ai... suna da nisa. Ga ayyuka."

"Gwada dai, ɗana. Wanda ya ɗauke ka haka ba zai ƙi kiranka ba."

Tasi'u ya koma shago ya zauna a kan buhun zare. Abu mai sauƙi ne, in ji shi. Zai rubuta gayyata a shafin, sannan ya sa su ba da haƙuri. Ya rubuta gayyatar. Ya koma Dokta Mansura, ya fara: "Farfesa, ka yi haƙuri, ba zan samu..." Sai ya tsaya. Ya karanta. Ransa ya ɓaci. Wai shi Farfesa guda ya yi gayyata a ce ba za a zo ba? A gaban mutum dubu hamsin? Ya goge. Ya rubuta: "In sha Allahu ina nan tafe, ko a ƙafa ne." Injiniya Jibo ya ga ba za a bar shi a baya ba, ya ce har ya yanki tikiti. Alhaji Sidi ya ce zai taho da iyalinsa.

Ya ce a ransa, ana gobe biki sai ya sa dukkansu mura.

Labari ya zaga layi. Tasi'u ya wayi gari ana gaishe shi da hannu biyu. Mai tsire yana ƙara masa tsinke. Masu acaɓa suna ɗaga masa hannu, "Farfesa! Sai kai!" Kullum ya ɗauko waya zai kwantar da baƙinsa ciwo, sai wani ya wuce ya ce, "Allah ya ƙara ɗaukaka," sai ya mayar da ita aljihu ya ce gobe.

Ana jibi biki Saude ta same shi a shago. Ta ce, "Yaya Tasi'u, don Allah sanarwar nan ka yi ta gajera. Rana, lokaci, wuri, shi ke nan. Ka rage hoton nan, ka cire tallace-tallacen ko na kwana biyu ne. Mutane ba su da haƙurin jira."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ke dai ki riƙe almakashinki. Mai karatu sai an ja masa rai. Wannan sirrin ƙwararru ne."

Ranar Asabar da hantsi, filin makarantar firamare ya sha ado. Rumfa uku, kujeru ɗari huɗu, lasifika huɗu, tukwanen shinkafa shida suna ta ƙamshi a gefe. A babban tebur ga kujeru uku masu laushi, kowace da suna a manne. Tasi'u ne mai gabatarwa, ya ci kwat, ya riƙe makirfo a ƙirji kamar mai karanta labaran talabijin.

Ƙarfe goma ta yi. Sha ɗaya ta yi. Waɗanda ke wurin su ne ɗalibai, da iyayensu, da teloli, da wasu awaki biyu da suka shigo ta ɓarakar katanga. In ka ƙirga har da awakin, ba su kai hamsin ba. Ɗaliban nan sun sha sabon ɗinki, sai waige-waige suke yi suna kallon kujeru wayam.

Tasi'u ya busa makirfo. "Fuu, fuu! Jama'a, a ƙara haƙuri. Dubban masu karatunmu suna hanya. Cunkoson motoci ne ya riƙe su."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Cunkoso? A Azare?"

Baba Haladu ya yafito Saude. "'Yata, karanto mini sanarwar nan in ji abin da aka gaya wa mutane."

Ta ce, "An yi sa'a, Baba. Tun da na idar da sallar asuba na danna, yanzun nan ya gama buɗewa."

Ta fara karantawa. Kanun ya ce: "ABIN DA TELOLI ZA SU AIKATA ZAI SA KA ZUBAR DA HAWAYE!" Daga nan sai tarihin Tasi'u tun daga yaye. Sai tarihin allura, wanda ya kwafo daga wani wuri bai ko karanta ba, don a tsakiya har da "danna nan ka sayi keken ɗinki a Jakarta". Saude ta yi ta jan yatsa, ta yi ta ja, har yatsan ya gaji ta canza wani. Can ƙasa, a ƙarƙashin tallar maganin sanƙo, ta tarar da layi ɗaya: "Ana gayyatar kowa da kowa."

Baba ya ce, "Zuwa ina?"

"Bai faɗa ba, Baba."

"Yaushe?"

"Shi ma bai faɗa ba."

Baba Haladu ya shafa gemu. Ya juya ga Tasi'u, ya ce, "To, wannan ya wuce. Ina manyan baƙi?"

Gumi ya karyo wa Tasi'u. Sai a lokacin ya tuna bai sa musu murar ba. "Sun sauka Kano tun safe, Baba. Suna hanya."

"Kira su mu ji inda suka kawo."

"Ai ba su da layin Najeriya."

Saude ta ce, "Wannan mai sauƙi ne, Baba. In na ba su amsa a ƙarƙashin tsokacinsu, saƙo zai shiga wayarsu nan take, ko suna ina. Bari in fara da Dokta."

Wayar Tasi'u kuwa na aljihun gaba, makirfo na manne da aljihun.

Saude ta rubuta, ta tura.

TILIN!

Lasifika huɗu suka amsa a tare. Har awakin sai da suka ɗaga kai.

Tasi'u ya yi wata 'yar dariya. "Afuwan, jama'a. Maiɗakina ce."

Daga rumfar mata sai Lantana, matarsa, ta ɗaga murya. "Ni? Ni da wayata ke gida tana caji?"

Saude ta dube shi, ta dubi wayarta. Ta ce, "Bari in gwada Injiniya."

TILIN!

Ido ya koma kan aljihu ɗaya. Tasi'u ya saci hannu zai kashe waya, Baba Haladu ya kama hannun a hankali, kamar mai gaisawa, ya ƙi saki.

"Bar shi a nan, ɗana. 'Yata, saura Alhaji Sidi. Kada ya ce an raina shi."

Tasi'u ya rufe ido. Yana addu'a sabis ya ɗauke, abin da bai taɓa roƙo ba a rayuwarsa. Daƙiƙa ɗaya. Biyu. Uku. Har ya fara sakin numfashi.

TILIN!

Wayyo! Fili ya kece da dariya. Wani tela ya faɗo daga kujera yana riƙe ciki. Masu dafa shinkafa suka saki ludayi suna tafawa. Ɗaliban da ɗazu suka yi jugum, yanzu har da hawaye. Tasi'u ya tsaya tsuru-tsuru, tabarau ya zamo masa zuwa kan hanci, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Baba Haladu dai bai yi dariya ba, gemunsa ne kawai ke rawa. Ya karɓi makirfo, ya ce a je a ɗauko mai shela yanzu-yanzu, ya zaga unguwa ya ce ga biki ga shinkafa. Sannan ya ce, "Jama'a, alhamdu lillahi. Muna ta zuba ido a hanya, ashe baƙinmu sun iso tun safe, su uku a aljihu ɗaya. To ba za mu fasa karrama su ba."

Ya sa aka ɗauko wasu ƙunshi uku daga ƙarƙashin tebur. Ashe teloli sun haɗu a asirce sun yi wa kowane baƙo ɗinki na musamman.

"Injiniya Jibo, ga babbar rigarka." Ya ɗora wa Tasi'u a hannu. Aka yi tafi raf-raf-raf.

"Alhaji Sidi, ga taka. A gaida mutanen Kanada." Ya ɗora masa ta biyu.

Ya warware na uku. Atamfa ce shar, riga da zane da ɗankwali, an yi mata aiki har ƙasa. Baba ya ɗaga ta sama, ya dubi Tasi'u daga kai har ƙafa.

"Dokta Mansura, bisimilla. A nan za ki gwada, ko sai kin koma Landan?"

Kafin Tasi'u ya samu bakin magana, Lantana ta ratso taro tana gyara mayafi, ta fizge atamfar ta rungume.

"Baba, wannan kam tawa ce, na ci gumina! Shekara guda mutumin nan yana cika mini kunne da Dokta Mansura ta ce, Dokta Mansura ta ce. Ashe duk tsawon lokacin nan ni nake tuƙa mata tuwo!"