Rasuwar Sannu-Sannu, Manhajar da ke Buga wa Matan Kurfi Faifai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta daina tafasa ba, Malama Hafiza ta Unguwar Kudu a Dutsin-Ma, mai ɗaukar bidiyon biki da suna a cikin gidaje, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar sana'arta, manhajar kwamfutar nan da ke kwashe hoto daga kaset da kyamara ta buga shi a faifai. Sunanta na Turanci ba mai iya faɗa, shi ya sa mata suka raɗa mata Sannu-Sannu, don ba ta taɓa yin gaggawa ba. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, tana da shekara goma sha shida a bakin aiki. Ba tsufa ya kashe ta ba. Hannu aka sa mata.

Marigayiya mai kunya ce, mai riƙe sirri. Matan Dutsin-Ma da Kurfi, har da na Wurma da Shema, sun san abin da ya sa suke kiran Hafiza ba mai waya ba. Abin da aka ɗauka da waya, kafin a ɗaure tukunyar tuwo ya isa Legas. Abin da Sannu-Sannu ta buga kuwa, faifai ɗaya ne, uwar gida ta sa shi ƙasan akwati, ba mai gani sai wadda ta ga dama. In ɗankwalin wata ya zame tana rawa, a nan ake yanke wurin, mijinta bai ji ba bai gani ba. Marigayiya ba ta taɓa neman intanet ba, ba ta taɓa tambayar sunan kowa ba. In tana aiki sai dai ka ji “ƙirrr, ƙirrr” kamar tsohuwa na kaɗi, in ta gama ta ce “tan!” sau ɗaya, ta miƙo faifan da ɗuminsa.

Tana da nata halin, ba a ɓoye ba. Takan tsaya cak a kashi casa'in da tara, sai an lallashe ta. Hafiza ta san lallashin, kuma ba ta taɓa kai ƙararta wurin kowa ba.

Aikin marigayiya na ƙarshe shi ne na Gogo Kyauta ta Tamawa. Tsohuwar ta zo da kanta bisa babur, da kaset ƙulle a gefen zane. Na sunan jikanta ne, wanda wani ɗan uwa ya ɗauka shekara ashirin da biyar da suka wuce. A ciki akwai mijinta, marigayi Malam Ilu, mutumin da bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba duk rayuwarsa, sai wannan rana da aka shammace shi yana rabon goro. Idon Gogo na hagu ya riga ya tafi, likita kuma ya ce na daman ma yana kan hanya. So take ta ga mutumin nan sau ɗaya kafin duhu ya rufe.

Kaset ɗin ya yi fumfuna. Kwana biyu Hafiza ta yi tana goge shi da auduga. Da ta sa shi, ya yi tafiya ɗaya tak, Sannu-Sannu ta kwashe komai, sannan a ƙarshe na'ura ta tauna zaren ta yi kaca-kaca da shi. Hafiza ba ta damu ba, tunda hoton ya shiga. Minti goma sha ɗaya Malam Ilu ya fito. Sai dai hoton da duhu, ta ce bari ta ƙara masa haske yadda idon tsohuwa zai kama, ta buga ranar Alhamis. Wannan jinkirin nata ne, kuma ba ta ɗora wa kowa shi.

Ranar Laraba ta tafi Kurfi ɗaukar suna. Tana can ne Abdullatif, ƙanin mijinta, magidanci mai 'ya'ya biyu da takardar digiri, ya shiga ɗakin aikinta neman caja. Ya ga kwamfuta na jan ƙafa, tausayi ya kama shi. Ba wanda ya aike shi, ba wanda ya roƙe shi. Ya zauna ya share ta tas, ya zuba mata sabon tsari irin na zamani.

Da la'asar Hafiza ta dawo ta same shi a tsakar gida yana murmushi.

“Anti, albishirinki. Na wanke maki kwamfutar nan, yanzu gudu take kamar sabuwa.”

“Ka wanke mi?”

“Duk tarkacen nan na zamanin da. Wa ke kallon faifai yanzu, don Allah?”

Ta wuce shi a tsaye. Da mayafinta da jakar kyamara a kafaɗa ta shiga ta kunna. Fuskar kwamfuta fes, shuɗiya, ba kowa a gida.

An yi ƙoƙarin ceto ran marigayiya. Hafiza ta tono faifanta na asali daga cikin kwalla ta sake zuba ta. Sannu-Sannu ta buɗe ido, ta nemi izini daga kamfanin da ya ƙera ta, ashe kamfanin ya rufe tun shekara bakwai, ba wanda ya ga ya dace ya sanar da mutanen da suka sayi kayansa. Ta ce “ɗin!” ta rufe ido. An ɗauki gawar, wato kwamfutar, an kai ta Katsina wurin Ɗanmusa mai gyara, ya yini yana tono. Abin da ya iya fitarwa daga aikin Gogo sauti ne kawai, hoto ko ƙyalli babu.

Ranar Juma'a Gogo Kyauta ta iso da sabon zane da kwalli a idon da ya rage. Hafiza ta durƙusa ta faɗa mata gaskiya, sannan ta kunna mata sautin. Aka ji hayaniyar mata, aka ji Malam Ilu yana faɗan a bar yara su samu goro. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, hannunta bisa gwiwa.

“Ɗiyata, muryar ai ina da ita, kullum ina jin ta. Fuskar ce ta ɓace mani.”

Ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta yi godiya, ta ƙi shan ruwa. Wannan godiyar ce ke hana Hafiza cin abinci har yau.

Marigayiya ta bar kaset talatin da huɗu na mutane da ke jiran layi, da tsohuwar kyamara wadda ba wata manhajar zamani da ta yarda ta gane ta, da kwalin faifai farare da ba a taɓa ba. Ta bar mata da yawa waɗanda yanzu ba su san inda za su yi rawa hankali kwance ba. Ta kuma bar Abdullatif, wanda ya aiko da saƙon ban haƙuri ta waya, ya haɗa da shawarar wata sabuwar manhaja da ya ce ta fi. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ce da niyyar alheri ya yi. An ji, an kuma gaji da ji.

Za a sa faifan marigayiya a ƙasan kwalla ranar Asabar bayan la'asar, a ɗakin Hafiza, mata zalla. Duk mai kaset a wurin ta zo ta karɓi abinta, ta adana shi inda ba laima, har Allah ya kawo mafita.

Ranar Lahadi ba zaman makoki. Hafiza za ta tafi Tamawa, don ita kaɗai ce ta kalli mintocin nan goma sha ɗaya kafin a share su. Za ta zauna gaban Gogo ta faɗa mata su da baki, ɗaya bayan ɗaya: hular da ta karkace, tabon da ke gefen gira, yadda ya kare fuska da tafi da ya gane ana ɗaukarsa, sannan ya sauke hannun ya yi dariya. Abdullatif ne zai kai ta a motarsa. Zai jira a ƙofar gida, kuma an riga an gaya wa mutanen gidan kada a ba shi tabarma.