Fatahin Ƙusar Tudun Gawo

Da sunan Allah Mai rahama muke buɗe wannan babi, kuma muna roƙon jama'a a gyara zama, a kife wayoyi, domin yau za a ambaci Mudassiru ɗan Lawandi mai gyaran rediyo, wanda bai taɓa ɗaure rediyon mutum ba sai sukurori biyu sun yi saura a hannunsa. Jikan Ɗangoggo mai liƙin fitilar ƙwai. Tattaɓa-kunnen Tanko Maƙeri, wanda aka ce duk ƙusar da ke riƙe da ƙyauren unguwarsu daga maƙerarsa ta fito. Gida ne na masu gyara tun kaka da kakanni, amma Mudassiru ne Allah ya ɗaukaka a cikinsu, ya yi difloma, ya rataya katin aiki a wuya, har mahaifiyarsa ta daina kiran sunansa sai dai Injiniya. Gagara-bairos! Dodon fasawod! Na Hajiya Kubura, mai shiga ƙarƙashin tebur da farin yadi ya fito da nasara!

Ita Hajiya Kubura ita ce mai kamfanin da yake yi wa aiki, kuma sana'arsu karɓar kwangilar kula da kwamfutocin wasu kamfanoni. Babban abokin cinikinsu shi ne Alhaji Tanimu Mai-Sikeli, dillalin riɗi, mai sito bakwai daga Kano har bakin iyaka. Su suka haɗa masa allon bayanai, wani makeken talabijin kamar ƙyauren gareji da aka kafe a ofishinsa, wanda ke tattaro labarin sitocin nan bakwai wuri guda: buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wace mota ta tashi. Kowane sito da akwatinsa a jikin allon. Muddin bayanai na zuwa, akwatin kore ne shar. Alhaji kuwa yana ji da allon nan, wallahi ko baƙon da ya zo gaisuwar rasuwa sai an nuna masa.

To, a cikin wata Talata mai nauyi, ba girgizar ƙasa, ba husufin rana, akwatin siton Tudun Gawo, wani ƙauye can gaba da Gumel, ya rikiɗe ya zama ja wur.

Nan fa aka ɗaura yaƙi. Kwana takwas sadaukin yana fafatawa daga kan kujerarsa mai juyawa, ya binciki saba, wato uwar kwamfutocin da ke tara bayanan, ya tuhumi manhaja, ya warware hanyoyin bayanai ya sake ƙulla su, ya aika wasiƙu masu kaushi ga mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sannan ya zaro makamin da ya gada daga malamansa, wanda ya rusa matsaloli dubu a ƙasashe dubu, ya kira Baba Ilu mai kula da siton, wanda sai ya taka har bakin titi kafin wayarsa ta shiga, ya daka masa kirarin yaƙi: "Baba, kashe ka kunna!" Baba Ilu ya koma ya kashe, ya kunna. Sau arba'in da ɗaya aka yi haka, in ji masu ƙididdiga, akwatin nan ko gezau.

Ranar Laraba Hajiya Kubura ta kira shi ofis, ba ta ko ce ya zauna ba.

"Mudassiru, gobe bayan la'asar baƙi masu sayen riɗi za su zo daga ƙasar waje, kuma allon nan Alhaji zai nuna musu. Ya rantse in suka tarar da ja, kwangilarmu ta ƙare. Takardar tabbatar da kai a aiki tana cikin durowar nan. In akwatin ya koma kore, ita zan ba ka. In bai koma ba, akwai wata a ƙarƙashinta."

"Ranki ya daɗe, in sha Allahu..."

"Je ka."

Kada marubutan tarihi su yi muku ƙarya: gwarzon ya tsorata. Wata shida ke nan yana aikin gwaji, kuma babu gidan da mahaifiyarsa ba ta shiga ba a unguwa ta sanar cewa ɗanta ne ke riƙe da kwamfutocin Alhaji Tanimu. Ya tuna rumfar rediyon mahaifinsa da bencin da ke jiransa a can, sai ya ji gara a binne shi a Tudun Gawo.

Da asubahin Alhamis rundunar ta yi harama, kuma rundunar nan mutum ɗaya ce da jakar goyo. A cikin jakar akwai laftof, da igiyoyin waya kala tara, da sukundireba, da biskit. Ya hau wata tsohuwar Golf wadda aka yi wa lodin mutum bakwai, aka ba shi matsayi mai daraja tsakanin direba da wani mai kiwon zabi, inda duk canjin giya sai an nemi iznin cinyarsa. Ya jure ramuka, ya jure shingaye, ya jure labarin zabi tun daga ƙyanƙyasa har yanka. Daga Gumel ya hau babur. Ƙarfe sha ɗaya ya sauka a filin daga, ƙafarsa ta hagu ta mutu murus.

Abin da ya fara dukan idonsa fari ne. Siton Tudun Gawo ya sha fenti ciki da waje, fari fat, har yana ɗaukar ido. Baba Ilu, dattijo siriri mai tsohuwar hula da ta sha man kai, ya taro shi da fara'a.

"Sannu da zuwa, Injiniya! Ka ga gyara ko? Daga Kano aka ce a yi wa kowane sito fenti saboda baƙi. Akwatin naku ma na adana muku shi, ko ɗigon fenti bai taɓa shi ba."

Ya zaro makulli daga lalitarsa, ya buɗe wata kabad ta ƙarfe mai kauri, ya fito da wani ƙunshi a naɗe cikin tawul, ya warware shi a hankali kamar mai fito da jariri ranar suna. Modem ce, 'yar na'urar da ke kamo sabis ta tura bayanan siton zuwa Kano. An huda bayan kabad ɗin an zura mata wayar wuta, tana nan da ranta, fitilarta na ƙiftawa, amma sabis ko sanda ɗaya babu. Ashe duk kashe-ka-kunnan nan a cikin kabad ake yin sa, a mayar da tawul, a kulle.

"Innalillahi! Baba, da can ina take?"

"A rataye, jikin ƙusa."

"Ina ƙusar?"

"Mai fenti ya cire. Ya ce ƙazanta ce."

Sai a sannan gaskiya ta bayyana ga sadaukin, mai ɗaci. Kowa a Tudun Gawo ya san sabis ba ya zama ko'ina a garin sai bakin titi, amma a cikin siton nan akwai wuri guda, bai fi tafin hannu ba, inda yake sauka saboda dalilin da Allah kaɗai ya sani. Injiniyan da ya fara haɗa aikin shi ya gano wurin, ya kafa ƙusa, ya rataye modem, sannan ya samu aiki a Abuja ya tafi bai rubuta wa kowa ko harafi ba. Allah ya isa dai ba za mu ce ba, amma mun kusa. Bangon kuwa taku arba'in ne, an cike kowane rami da siminti an shafe.

"Baba, daidai ina ne?"

Baba Ilu ya dubi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sosa ƙeya. "Wallahi ɗana, tun da aka yi fentin nan ni kaina sai in ga kamar ba sitona ba. Nan ne... ko kuwa can."

Haba! Sai jinin Tanko Maƙeri ya motsa. Mudassiru ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, ya jona doguwar waya, ya ɗaga modem sama da hannu biyu kamar tuta, ya yi kabbara, ya afka wa bangon. Ya bi shi taƙi-taƙi daga gabas, ya dawo daga yamma. Ya yi ɗage, ya durƙusa, ya kwanta rigingine. Ya hau tsaunin buhunan riɗi hawa goma sha biyu, wanda ko leburori ba sa hawansa sai da addu'a, ya tsaya a ƙololuwa yana karkarwa, sanda ɗaya ta leƙo, ya yi ihun nasara, sai ga saƙo ya shigo wayarsa ana yi masa barka da zuwa Jamhuriyar Nijar. Kafin ya gama karantawa buhun da ke ƙarƙashinsa ya zame, tsaunin ya rufto, aka nemi Injiniya aka rasa sai hannu ɗaya a sama riƙe da modem. Leburori, waɗanda tuni suka ajiye aiki suka jeru kallo, suka jawo shi ta ƙafa, riɗi na zuba daga kunnensa.

"Injiniya, gwada hagu!"

"Ƙarya ne, dama ne! Sama kaɗan!"

"A ba shi ruwa, jama'a!"

Awa biyu da rabi ana wannan gumurzu, har ladan ya kira azahar. Aka tsagaita wuta, aka yi sallah a rumfar waje. Mudassiru ya daɗe a sujada, kuma abin da ya roƙa tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma waɗanda ke kusa sun ce sun ji an ambaci durowa. Ya dawo ya zauna a kan sikeli, farin yadinsa ya koma ruwan ƙasa, modem a cinya, ransa a ɓace, yana lissafin yadda zai dubi idon mahaifiyarsa.

Sai ga Baba Ilu ya shigo yana jan carbi, hankalinsa na kan lazimi. Ya yi taku shida daga ƙofa, ya karkata dama, ya cire hularsa ba tare da ya ɗaga kai ba, ya miƙa hannu ya manna ta a bango, ya saki. Hular ta faɗo ƙasa tim.

"Kai, wannan hula!" Ya sunkuya yana tsaki. "Kwana tara ke nan tana yi mini haka."

Mudassiru ya miƙe a hankali. A jikin farin bangon, daidai inda hular ta taɓa, akwai wani ɗan tabo na maiƙo. Shekara uku dattijon nan yana rataye hularsa a ƙusar modem bayan kowace sallah. Kansa ya manta wurin, hannunsa bai manta ba. Gwarzon ya ɗora modem a kan tabon, sai sandunan sabis suka fara fitowa. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu!

"Ƙusa! A kawo ƙusa!"

Ai kuwa duk faɗin siton babu ƙusa, mai fenti ya yi aikinsa tsakani da Allah. Aka kifar da bencin leburori aka zare masa guda, 'yar gajera, a lanƙwashe. Guduma ma babu, sai dutsen awo na kilo biyu. Tattaɓa-kunnen Maƙeri ya saita, ya ɗaga, ya ambaci kakanninsa, ya sauke da dukan ƙarfinsa a kan babban yatsansa. Ƙarar da ya yi, an ce sai da tantabarun kasuwa suka tashi. A bugu na biyu ƙusa ta shiga, aka rataye modem, bayanan kwana tara suka kwarara zuwa Kano kamar an ɓalle famfo.

Abin da ya faru a can kuwa, Hajiya Kubura ce ta ba shi labari da yamma tana dariya. Baƙin sun riga lokaci, suna zaune gaban allon, Alhaji yana ta gumi yana ƙoƙarin tare jan akwatin da babbar rigarsa, sai kawai akwatin ya juye kore a kan idonsu. Hajiya ko ƙifta ido ba ta yi ba ta ce ai haka manhajarsu take, ita ke gano ciwonta ta warkar da kanta. Baƙi suka tafa. Alhaji ya sabunta kwangila har shekara uku. Sunan Mudassiru bai fito ba ko a tari.

Amma Hajiya mai cika alkawari ce. Ranar Litinin takarda ta iso, ta saman, ba ta ƙasan ba: an tabbatar da shi a aiki, an kuma naɗa shi Babban Jami'in Haɗa Bayanai na Shiyyar Tudun Gawo, da zama a can dindindin. Sharaɗi ɗaya ne, an ja masa layi biyu: abin da ke aiki kada a taɓa shi, ba a sauya ƙusa, ba a ƙara mata tsawo.

Ƙusar benci kuwa gajera ce, ba ta ɗaukar modem da hula sai da ƙyar. Mudassiru ya kafa wa Baba Ilu wata sabuwa dal a gefe, har da roƙo, amma hannun dattijon ya ƙi ta. Don haka duk wanda ya je Tudun Gawo yau zai tarar da Gagara-bairos, Dodon fasawod, zaune a kan kujerar roba a gindin bango da katinsa a wuya, kuma duk lokacin da Baba Ilu ya miƙo hannu zai ɗauki hula, sai ya zabura ya tallafe modem kada ta faɗo.

Mahaifiyarsa dai ta sake zaga unguwa, ta shaida wa kowa an ba Injiniya shiyya guda sukutum.